Magana da kujerar da ba kowa: me ke cikin hanyar Gestalt?

Tambaya: "Mahaifina ya rasu shekara uku da suka wuce muna cikin saɓani, ba mu shirya ba. Tun daga lokacin ba na samun barcin kirki, ga yawan fushi ba gaira ba dalili. Na fara zuwa wajen wata masaniyar halayyar ɗan'adam, ta ce da hanyar Gestalt take aiki, kuma a zama na gaba za ta ajiye kujera in yi magana da mahaifina kamar yana zaune a kai. Ni abin ya yi mini kama da wasan yara. Mece ce wannan Gestalt ɗin? Akwai binciken da ya nuna tana aiki, ko in nemi wani wuri?"

Amsa:

Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi.

Bari in fara ba ka amsar kafin dogon bayani. Kada kujerar ta kore ka. Cikin duk abubuwan da ake yi da sunan Gestalt, wannan aikin kujerar ne bincike ya fi tsaya masa, kuma a kan irin damuwarka aka gwada shi, wato maganar da ta maƙale tsakanin mutum da wani makusancinsa. Sai dai ka riƙe abu biyu. Kujerar ba ita ce Gestalt ba, dabara ce guda cikin aiki mai faɗi. Sannan hanyar ɗungurungum ba ta da tarin hujjojin bincike irin na wasu hanyoyin, duk wanda ya ce maka tana da su ya yi ƙari. Na daɗe ina amfani da ita a aikina, ina ganin amfaninta, amma son abu ba ya hana faɗin aibinsa.

Kalmar ta Jamusanci ce, ana furta ta "geshtalt", tana nufin siffa ko cikakkiyar surar abu. Tun kafin ta shiga ɗakin jinya, wasu masana a Jamus, Max Wertheimer da Wolfgang Köhler da Kurt Koffka, suka yi ta amfani da ita daga wajajen 1912 wajen binciken yadda ido da kunne ke fahimtar duniya. Sun gano ƙwaƙwalwa ba ta tsintar abubuwa ɗaiɗai sannan ta harhaɗa. Dunƙulallen abu take fara kamawa. Zana da'ira ka bar ɗan giɓi, duk wanda ya gani da'ira zai ce, domin idonsa ya riga ya rufe giɓin. Kuma a kowane lokaci abu guda ne ke fitowa fili a hankalin mutum, sauran su ja baya. Uwa tana barci motoci na wucewa ba ta ji, jaririnta ya yi ɗan motsi ta farka.

A 1927 wata ɗalibar masanin halayyar ɗan'adam Kurt Lewin a Balin, Bluma Zeigarnik, ta wallafa wani gwaji. Ta ba mutane ƙananan ayyuka, wasu ta bari suka gama, wasu ta katse su a tsakiya, sai ta tarar sun fi tuna waɗanda aka katse. Waɗanda suka maimaita gwajin daga baya ba kullum suka sami irin sakamakonta ba, don haka ban ɗauke shi doka ba. Amma daga nan tunanin ya samo saiwa: abin da ba a ƙarasa ba yakan yi ta dawowa yana neman a rufe shi, kamar giɓin nan na da'ira. Shekara uku kana kwana da maganar da ba ka faɗa ba, ai ba sai an yi maka dogon sharhi a kan wannan ba.

Wanda ya ɗauko waɗannan abubuwa ya kai su wajen masu damuwa shi ne Fritz Perls, likita Bayahude haifaffen Balin a 1893, tare da matarsa Laura. Da farko almajirin hanyar Sigmund Freud ne, wadda ake kwantar da mutum ya yi ta zuba zance ana tono yarintarsa. A 1926 ya yi aiki a Frankfurt ƙarƙashin Kurt Goldstein, mai kula da sojojin da suka sami rauni a ƙwaƙwalwa, wanda ya koya masa kallon mutum a dunƙule: in wani sashe ya lalace, jiki duka ne ke sake tsari don ya rayu. A can ya haɗu da Laura, wadda ita ce ainihin ta karanta ilimin Gestalt a jami'a. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 suka tsere zuwa Holan, daga nan zuwa Johannesburg a Afirka ta Kudu, inda littafinsa na farko ya fito a 1942. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka koma Niyok. A 1951 aka buga littafin da ya raɗa wa hanyar suna, da sunayen Perls da Ralph Hefferline da Paul Goodman. Goodman, marubuci ne ba likita ba, shi ya rubuta mafi yawan sashen nazarin. A 1952 suka buɗe cibiyar koyarwa ta farko a gidansu na Niyok, wata kuma ta biyo baya a Cleveland. In faɗi gaskiya, magadan Wertheimer ba su taɓa yarda Perls ɗan gidansu ne ba. Ɗaya daga cikinsu, Mary Henle, ta yi rubutu a 1978 tana cewa suna kawai ya ara. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarta.

Abin da ya ɓata wa hanyar suna, kuma shi ya ɗaukaka ta, ya faru ne daga 1964, da Perls ya koma cibiyar Esalen a gaɓar tekun Kalifoniya. Can yakan zaunar da mutum guda a gaban taro, a ajiye kujerar da ba kowa a gefe, ya yi ta tsokanarsa har ya fashe da kuka ko ihu cikin minti ashirin, jama'a na kallo suna jinjinawa. A wani fim na koyarwa da ya fito a 1965, inda mace guda mai suna Gloria ta zauna da masanan jinyar zantawa uku, Carl Rogers da Perls da Albert Ellis, ɗaya bayan ɗaya, za ka ga Perls yana ce mata ba gaskiyarta take nunawa ba. Mutane da yawa suka kwashi wannan salo suka bazama, ba su da basirarsa, ba su da horonsa. Laura da abokin aikinta Isadore From da suka tsaya a Niyok ba su ji daɗin haka ba. Su aikinsu a hankali yake, mutum guda, watanni ko shekaru. Perls ya rasu a 1970, Laura a 1990, kuma Gestalt ɗin da ake koyarwa yau ta fi kama da tata. Ƙa'idar da aka san Laura da ita ita ce a tallafa wa mutum gwargwadon buƙatarsa, kada a gaza, kada kuma a wuce har a zama sandarsa.

To me suka ce game da ɗan'adam? Sun ce mai lafiya yana tafiya ne bisa buƙatar da ta fi matsa masa a yanzu. Kana tsakiyar hira ƙishirwa ta taso, sannu a hankali hirar ta ja baya, ruwa ya cika maka hankali, ka tashi ka sha, ƙishirwa ta kwanta, ka dawo hira. Buƙata ta taso, ka farga, ka motsa, ka sadu da abin, ka gamsu, ka saki. Haka baƙin ciki da fushi da kewa suke son tafiya. Matsala takan zo in aka datse wannan zagaye a wuri guda kullum.

Kuma ba don wauta mutum ke datsewa ba. Nan ne nake ganin hanyar ta fi yi wa mutum adalci. Yaron da ya tashi a gidan da in ya nuna fushi zai sha duka, ya koyi cije haƙora ya haɗiye, wannan dabara ce, ita ta tsare shi. Laifin dabarar kawai shi ne ta ƙi tsufa. Ga shi yanzu ya shekara arba'in, ba mai dukansa, amma har yau muƙamuƙinsa a ɗaure, kansa na ciwo duk yamma. Saboda haka mai aiki da Gestalt ba ya kallon ka a matsayin injin da ya lalace. Yana tambaya ne: wannan ɗabi'a a da me ta tsare maka, yanzu kuma me take hana ka?

Sun ba hanyoyin datsewar sunaye. Wanda ya fi burge ni shi ne haɗiya ba tauna. Laura ce ta fara lura da shi tana kallon yadda jaririyarsu ke tashi daga tsotso zuwa tauna. Jariri haɗiya yake, mai haƙora kuwa taunawa yake, ya ɗauki abin da ya karɓe shi ya tofar da ƙashi. Haka maganganun da aka ɗura mana muna yara: "namiji ba ya kuka", "ɗa nagari ba ya jin haushin ubansa". Wasu in ka tauna za ka ga naka ne, ka riƙe su da hannu biyu. Wasu kuwa suna nan zaune a ciki kamar dutse, ba su narke ba, ba su fita ba. Akwai kuma ɗora wa wani abin da ke cikinka, ka cika da fushi amma ka rantse kowa ne ke fushi da kai; laifi tudu ne, in ji masu magana. Akwai mai da hannu gida, ka yi wa kanka abin da ka so yi wa wani, haushin da ba ka iya furta wa mahaifi ba ya koma zagin kai da rashin barci. Akwai narkewa cikin wani har ka kasa cewa "ni ban yarda ba". Akwai kuma waskewa, wadda Erving da Miriam Polster suka ƙara a 1973: da an zo kusa da ciwon sai ka kawo raha ko ka canja zance. Babu ɗaya cikinsu da yake cuta a kan kansa. Ɗalibi sai ya haɗiyi wasu abubuwa kafin ya iya taunawa, kuma ba ko'ina ake amayar da fushi ba. Ciwon shi ne a ce ba ka san kana yi ba, kuma ba ka da wata hanyar sai ita.

Shi ya sa maganin da suka dogara da shi farga ne. Masaniyar ba za ta cika tambayarka "don me" ba, domin "don me" kan jawo dogon sharhi, kai kuwa ka shekara uku kana yi wa kanka sharhi bai sa ka barci ba. Za ta fi tambayar "me kake ji yanzu" da "yaya kake yin sa". Kana ba da labarin ranar da kuka yi sa-in-sa da mahaifinka kana murmushi, sai ta ce, "Malam, na ga kana murmushi, kuma hannunka a dunƙule yake. Ka lura?" Ba fassara ta yi maka ba, abin da ido ya gani ta faɗa, ma'anar kuma taka ce. Ba a hana maganar baya, amma ana kawo ta nan, a ga yadda take aiki a ƙirjinka da numfashinka a wannan minti.

Wani likitan ƙwaƙwalwa, Arnold Beisser, ya dunƙule wannan a wani ɗan gajeren rubutu a 1970. Shi gwanin wasan tanis ne da shan inna ta nakasa shi yana saurayi, don haka ya san abin da yake faɗa. Ya ce sauyi yakan zo ne lokacin da mutum ya yarda ya tsaya sosai a inda yake, ba lokacin da yake ta fafutukar zama wani ba. Abin kamar baibai, amma gwada shi a kanka. Shekara uku kana ce wa zuciyarka "ya kamata in manta, ya kamata in yafe", ta ƙi. Ranar da ka iya cewa "har yanzu ina jin haushinsa, kuma ina kewarsa", ka zauna da duka biyun ba ka kori ɗaya ba, ranar abin ke fara motsi.

Ginshiƙi na ƙarshe shi ne dangantakar da ke tsakaninku a ɗakin. Laura ta saurari Martin Buber a Frankfurt, masanin da ya bambanta saduwa da mutum a matsayin mutum da mu'amala da shi kamar kaya. Masu Gestalt na baya, irin su Gary Yontef da Lynne Jacobs a Amurka, da Margherita Spagnuolo Lobb da Gianni Francesetti a Italiya, sun mai da wannan zuciyar aikin. Masanin da kake zuwa wajensa ba bango ba ne. Yana iya ce maka, "da ka faɗi haka sai na ji ƙirjina ya yi nauyi", in faɗin zai amfane ka.

Yanzu kujerar. Da farko ka sani ba kiran matattu ake yi ba, ba kuma wanda ke riya cewa mamacin na ji. Da mahaifin da ke cikin kanka za ka yi magana, wanda ka shekara uku kana gardama da shi cikin dare. Ai kana maganar tuntuni; bambancin kawai yanzu za ta fito fili, da mai shaida a gefe. Dabarar ma ba Perls ya ƙirƙiro ta ba, daga Jacob Moreno ya aro, mai jinya ta hanyar wasan kwaikwayo. Su masu Gestalt gwaji suke kiranta, wato abin da ake tayi, a gwada a gani, ba umarni ba.

Ga yadda yakan tafi in an yi shi daidai. Za ta ce ka kawo surarsa a ranka, yadda yake zama, yadda yake kallonka, sannan ta tambaye ka me ya faru a jikinka da ka gan shi. Wasu a nan ma aikin ranar ke tsayawa, kuma ya isa. In ka iya ci gaba, za ta ce ka faɗa masa kai tsaye, "kai", ba "shi" ba. Mafarin yakan zama ƙorafi da zargi a cakuɗe: "ba ka taɓa saurarata ba". Aikinta shi ne ta taimake ka ka warware cakuɗin, fushi daban, baƙin ciki daban, kowanne ya sami bakinsa. A ƙarƙashinsu kusan kullum akwai buƙatar da ba a biya ba, kuma ita ake nema: "na so ka ce ka yi alfahari da ni, ko sau ɗaya." Wani lokaci za ta ce ka koma ɗaya kujerar ka amsa da bakinsa. Nan mutane suka fi jin abin banbaraƙwai, nan kuma aka fi samun abin mamaki, domin mai yin sa yakan ji wata magana ta fito daga bakinsa wadda bai taɓa kawowa ba, misali "ni ma ba wanda ya taɓa faɗa mini, ban san yadda ake yi ba." Ba wahayi ba ne. Abu ne da ka sani game da shi tun da daɗewa, fushi ya danne shi.

Ƙarshen yakan ɗauki ɗayan fuska biyu. Ko ka fahimce shi ka sassauta, ko ka tabbatar cewa abin da ya yi ba daidai ba ne, ka sauke laifin daga kanka ka mai da shi inda ya dace. Duka biyun warwara ce. Kada kowa ya matsa maka sai ka furta yafiya kafin zuciyarka ta kai. Yafiyar dole wata haɗiya ce ba tauna. Kuma da wuya a gama a zama ɗaya. Akwai ɗan'uwan wannan aiki da ake yi da kujera biyu, inda ɓangarori biyu na mutum guda ke fuskantar juna, mai tsawa da ke cewa "kai ba ka da amfani" da mai noƙewa da ke cewa "to, gobe zan gyara" ba ya gyarawa. In ka ga kana yawan zargin kanka kan rasuwar, wataƙila ku biya ta nan.

Mu zo kan bincike. Mutumin da ya fi kowa ɗaukar nauyin gwada waɗannan dabaru shi ne Leslie Greenberg na Jami'ar York a Toronto, wanda ya sami horon Gestalt. Tun shekarun 1970 yake naɗar zaman jinya yana bin su daki-daki, yana neman abin da ya bambanta waɗanda suka warware da waɗanda suka maƙale. Matakan da na zayyana maka a sama daga aikinsa suka fito. A 1995 shi da Sandra Paivio suka raba mutum 34 masu irin wannan ragowar magana gida biyu. Rabi suka yi mako 12 ana aikin kujera da su, rabi suka shiga rukunin da ake koya musu bayani kan matsalar kawai. Duka sun amfana, amma 'yan kujera sun fi, kuma amfanin na nan da aka waiwaye su bayan shekara guda. A 2002 shi da Wanda Malcolm suka nuna cewa waɗanda suka kai ga furta buƙatarsu, kuma kallon da suke yi wa wancan mutumin ya sauya, su suka fi samun sauƙi. Wato ba yawan kuka ne ma'auni ba. A 2003 Jeanne Watson da abokan aikinta suka kwatanta wannan salo da hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda aka fi sani da CBT, a kan mutum 66 masu ciwon damuwa, zama 16. Wajen rage damuwa suka yi kunnen doki.

Akwai wata shaida daga waje wadda ta fi kusa da kai. Katherine Shear, likita a Amurka, ta tsara jinya ta musamman don baƙin cikin rashi da ya ƙi lafawa, kuma cikin abubuwan da ake yi akwai zantawa da mamacin a zuci. A gwajin da aka wallafa a 2005, kashi 51 cikin 100 suka sami sauƙi da hanyarta, kashi 28 da hanyar da aka kwatanta ta da ita. Ba Gestalt ba ce, kuma ba a ware zantawar ita kaɗai aka auna ba, amma ka ga dabarar ta shiga gidajen da ba ruwansu da Perls. Masu bin hanyar Jeffrey Young, wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, su ma suna amfani da kujeru sosai.

Ga inda gizo ke saƙar. Abin da Greenberg ya gwada ba Gestalt zalla ba ce. Ya haɗa dabarunta da salon Carl Rogers na sauraro da tausasawa, ya fitar da hanya mai zaman kanta da ake kira EFT, mai bin diddigin motsin zuciya. Masu Gestalt na son jingina da sakamakonsa, kuma suna da ɗan haƙƙi, amma ba duka ba. Sannan mutum 34 ko 66 ba yawa ba ne, kuma galibi masu ƙaunar hanyar ne suka yi binciken, abin da aka san yana karkata sakamako a kowace hanya. In ka nemi gwaje-gwajen da aka yi wa Gestalt ita kanta, 'yan kaɗan ne. Wata bita da Rosalba Raffagnino ta wallafa a 2019 guda 11 kacal ta samu da suka cika sharuɗɗanta. Sakamakonsu mai ƙarfafa gwiwa ne, amma ina 11 ina ɗaruruwan da CBT ke da su. Laifin na 'yan gida ne. Perls ya raina aikin jami'a, cibiyoyin horarwa suka tashi a wajen jami'o'i, kuma an daɗe ana ƙyamar rubuta tsayayyen tsari da sunan kowane zama daban yake. To abin da ba a fayyace ba yaya za a auna shi? Sai daga 2016 Madeleine Fogarty a Ostireliya ta jagoranci tsara ma'aunin da za a duba a ce wannan zama Gestalt aka yi ko wani abu. Shi ya sa a Jamus, mahaifar Perls, inshorar lafiya ta hukuma ba ta biyan kuɗinta, alhali maƙwabciyarta Ostiriya ta amince da ita a hukumance. Rashin yawan hujja ba hujjar rashin aiki ba ne, amma kuma ba lasisin cika baki ba ne.

Wani tsohon bincike ya kamata ka sani, domin ya shafi tsaronka. A 1973 Morton Lieberman da Irvin Yalom da Matthew Miles suka wallafa abin da suka gani a Jami'ar Stanford, inda ɗalibai fiye da 200 suka shiga rukunonin zantawa na salo daban-daban, har da Gestalt. Wasu sun amfana, wasu kuwa sun fito da rauni. Sunan hanyar bai nuna wa zai amfana ba. Halin jagoran ne ya nuna. Jagorori masu kwarjini da matsa lamba, masu son sai an fashe a gabansu, su suka fi jikkata mutane. Don haka ni in za a tambaye ni, masaniyar zan fi bincika, ba kujerar ba.

Ka tambaye ta kai tsaye ina ta yi horon Gestalt, shekara nawa, tana da lasisin aiki, kuma akwai wani babba da take kai wa aikinta yana dubawa. Horon kirki shekaru yake ɗauka, ba bitar kwana uku ba. Ƙwararriya ba za ta ji haushin tambayar ba. Ka kuma lura ko ta san tarihinka sosai kafin ta kawo kujera, ko za ta bar lokaci a ƙarshen zaman ka dawo hayyacinka kafin ka fita titi.

Akwai inda zan ce a dakata. In saɓanin naku ya haɗa da duka mai tsanani ko cin zarafi, har tuna fuskarsa na sa ka rawar jiki ko ka ji kamar ka bar jikinka, ba a fara wa da zaunar da shi a gabanka. Sai an gina ƙafa tukuna. Haka wanda ke jin muryoyi ko hankalinsa ke gushewa, wannan aiki na iya rikita shi. In tunanin kashe kai na zuwar maka, ko ka daina cin abinci, ko aiki ya gagare ka, ka ga likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba. Shan magani da zantawa ba kishiyoyi ba ne. Rashin barcin ma a duba shi ta fuskar jiki. Kuma da matsalarka tsoron wani abu ne takamaimai, ko waswasin da ke sa mutum maimaita abu ba iyaka, da CBT zan tura ka kai tsaye, domin can hujjarta ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Kai kuwa yadda ka bayyana, ina ganin ka gwada. Ba dole ne ka fara da kujerar ba. Kana iya rubuta masa wasiƙa ka karanta a ɗakin, ko ka faɗa wa masaniyar abin da ka so faɗa masa, ku matsa gaba in ka shirya. Kana da ikon cewa a tsaya a kowane lokaci. Kwana ɗaya ko biyu bayan zaman kana iya jin jikinka a mace, ko mafarkinsa ya yawaita. Wannan ba alamar ɓaci ba ce, amma in ya zarce mako yana ƙaruwa, ka gaya mata. Ku kuma yi yarjejeniya tun yanzu cewa bayan zama takwas ko goma za ku duba tare: barcin ya gyaru, fushin ya ragu? In ba abin da ya motsa, a sake dabara ko a sake hannu.

Ranar da ka koma, fara da gaya mata abin da ka gaya mini, cewa abin ya yi maka kama da wasan yara. Ka lura da yadda za ta karɓa. In ta shiga lallashinka ko ta nuna ka ɓata mata tsari, ka yi hattara. In kuwa ta ce, "to, mu bar kujerar tukuna, gaya mini me kake ji a jikinka da ka faɗi haka", ka zauna ka amsa mata.